Kurakuran da aka fi yi wajen rarrabe narkakken dutse

Ɗaliban ilimin ƙasa da yawa suna ɗaukar magma da laba abu guda. Magma narkakken dutse ce da ke cikin ƙasa, cike da iskar gas da ta narke a cikinta. Idan ta fito sarari ta saki yawancin iskar, sai a kira ta laba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa wadda ta fi zafi ita ta fi fashewa. Akasin haka ne. Abin dubawa shi ne yawan silika, wato sinadarin da ya fi yawa a yashi, wanda da shi ake rarrabe ire-iren magma. Basalt tana da kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, zafinta kan kai digiri 1,000 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, kuma tsinkakkiya ce, iska na fita daga cikinta a sauƙaƙe, sai ta malala kawai. Riyolait kuwa silikarta ta kai kusan kashi 70 ko fiye, zafinta bai cika wuce 850 ba, amma kaurinta kan riƙe tururin ruwa da iskar kabon har matsi ya yi yawa ta tarwatse. Duk mai tuƙa tuwo ya san kunu kwarara yake, talge ne ke fantsama. Andesait da dasait suna tsakani. Dasait ce ta fashe a Pinatubo, dutse mai aman wuta na Filifin, a 1991.

Sai dai kada a ce mai malala ba ta da haɗari. Laba mai ƙarancin silika ƙwarai daga Nyiragongo, wani dutse mai aman wuta, ta ratsa garin Goma na Kwango a 2002. Iskar ma kaɗai ta isa: a tafkin Nyos na Kamaru, iskar kabon da ta taso daga magma ta hallaka mutane kusan 1,700 a 1986 ba tare da wuta ko ɗaya ba.

Launi ma yana ruɗin mutane. Ba kowane baƙin dutse ne basalt ba. Obsidiyan baƙi ne wuluk, amma yawanci sinadarinsa na riyolait ne da ya sandare nan take ya zama gilashi. A duba ƙwayoyin dutsen: manya da ido ke gani, kamar na giranit ɗin Jos, alama ce ya huce a hankali cikin ƙasa, ƙanana ƙwarai, kamar basalt ɗin tsaunukan Biu, a sarari ya huce.