Yadda ake tattara bayanan ma'aikatan lafiya masu lasisi a jiha

Rajistar hukumomin ba da lasisi tana nuna wanda aka yarda ya yi aiki ne kawai. Ba ta nuna ko yana bakin aiki yau, ko a wane gari yake, ko saura shekara nawa ya yi ritaya. Jami'in tsare-tsare a ma'aikatar lafiya ta jiha kuwa amsar waɗannan yake nema, shi ya sa aikin ya wuce kwafe sunaye daga rajista.

A fara da karɓo jerin masu lasisi daga kowace hukuma: MDCN ta likitoci da likitocin haƙori, NMCN ta nas-nas da ungozoma, PCN ta masu haɗa magunguna, MLSCN ta ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, sai CHPRBN ta ma'aikatan lafiya na matakin farko, wato CHO (jami'in lafiyar al'umma) da CHEW (ma'aikacin lafiyar al'umma) da JCHEW (ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma), waɗanda su ne ke riƙe da mafi yawan ƙananan asibitocin karkara. A kwatanta jerin da takardar biyan albashi ta jiha da ta ƙananan hukumomi, da kuma jerin ma'aikatan asibitocin kuɗi da na mishan. Asibitocin tarayya albashinsu ba ya bi ta jiha, sai an rubuta musu takarda daban, in ba haka ba da yawa daga cikin manyan likitocin jihar za su ɓace daga lissafi.

Fom ɗin kada ya haura tambaya 20, kuma a iya cika shi cikin minti 10. Abin da ba makawa sai ya shiga: cikakken suna da sunan da aka yi rajista da shi in ya bambanta, lambar NIN mai alƙaluma 11, lambar rajistar hukuma, ranar da lasisi zai ƙare, jinsi, ranar haihuwa, fannin aiki da ƙwarewa, makarantar da aka gama da shekarar gamawa, ranar fara aiki, wurin aiki, da harsunan da mutum ke iya duba mara lafiya da su. Ranar haihuwa ake tambaya ba shekaru ba, domin shekaru na canzawa. Da ita da ranar fara aiki ake lissafa ritaya, wadda a ƙa'idar aikin gwamnati ta gama-gari shekara 60 ce da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Wurin aiki ne ake yawan yin kuskure a kai. A raba shi gida uku: jihar asali, inda aka tura mutum a takarda, da inda yake zuwa aiki a zahiri. Sau da yawa ungozoma sunanta na wani asibitin ƙauye, albashinta na fita daga can, ita kuwa tana cikin birni saboda aure ko an ba da aronta. Idan layi ɗaya aka bari, mutane inda aka tura su za su rubuta, taswirar da za a zana kuma ta nuna ƙauyen yana da ungozoma alhali mata suna haihuwa a hannun CHEW namiji ko a gida. A ƙara tambayar halin da ake ciki, da zaɓin da aka riga aka tsara: yana bakin aiki, hutun ƙaro karatu, hutun haihuwa, aro, ritaya, ya bar ƙasar, ya bar sana'ar. A kuma tambayi awa nawa yake duba marasa lafiya a mako, domin likitan da ya zama darakta a ofis lasisinsa na nan, amma ba ya ganin kowa.

Kada a bar mutane su rubuta sunan ƙaramar hukuma ko na asibiti da hannu. A sa jerin ƙananan hukumomi 774 a zaɓa, asibitoci kuma a yi amfani da lambarsu ta rajistar cibiyoyin lafiya ta ƙasa. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, kuma suna ɗaya irin Dawakin Tofa za a same shi a rubuce iri huɗu ko biyar. Manhajojin tattara bayanai irin KoboToolbox ko ODK sun isa wannan aiki, suna aiki a waya ba tare da intanet ba, a tura bayanan in an samu sabis. A gwada fom ɗin a kan mutum 20 zuwa 30 daga fannoni daban-daban kafin a fita.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na sabunta lasisi, tunda dole kowa ya zo. Sai dai likitoci duk shekara suke sabuntawa, nas da ungozoma kuwa duk shekara uku, don haka bayanansu za su iya tsufa. A cike giɓin da ziyarar asibitoci sau ɗaya a shekara: mai tattara bayanai ya ga mutum da idonsa, ya ga lasisin, ya duba littafin sa hannu da jadawalin aiki. A sanar tun farko cewa wannan ba tantancewar korar ma'aikata ba ce. In aka bari jita-jitar farautar ma'aikatan bogi ta riga ku isa, ranar kowa zai hallara, har waɗanda ba a gan su ba wata shida, su cika fom yadda zai kare albashinsu.

Wajen tace bayanai, NIN ce shaidar da za a gane kowane mutum da ita, suna ba abin dogaro ba ne: Muhammad, Mohammed da Muhammadu za su iya zama mutum ɗaya ko uku. Wadda ke da shaidar nas da ta ungozoma a lissafa ta sau ɗaya, a rubuta aikin da take yi yanzu. A lura da tarin masu ranar haihuwa 1 ga Janairu, yawanci ƙiyasi ne daga takardar rantsuwar shekaru. A Excel a mayar da layin NIN da na lambar waya rubutu, don kada sifirin farko ya faɗi, a kuma tsayar da tsarin rana, wata, shekara kafin 03/04 ta juye, rana ta koma wata.

Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa addini, ƙabila, lafiyar mutum da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. In ba wata shawara da za a yanke da su, kada a tambaya. In an tambaya, a bar zaɓin ƙin amsawa, a rubuta dalilin tambayar a saman fom. Fayil mai sunaye ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku da kalmar sirri, kada ya zaga a WhatsApp. A rahoton da za a fitar, duk rukunin da bai kai mutum 5 ba a haɗe shi da wani, domin likita mace ɗaya tilo a ƙaramar hukuma kowa ya san ta ko ba a ambaci suna ba.

In za a auna wadatar ma'aikata, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 shi ne likitoci da nas da ungozoma 44.5 ga kowane mutum 10,000. A lissafa da waɗanda aka tabbatar suna bakin aiki kawai, a fitar da na kowace ƙaramar hukuma daban, CHEW da JCHEW kuma a ba su nasu layin tunda ma'aunin bai haɗa da su ba.