Kafin ka ƙirga gaɓoɓin waƙa, rera ta tukuna

'Yan'uwa masu nazarin rubutacciyar waƙa, kada ku nemi kari, wato awon waƙa, da ido. Ku rera ɗangon, wato layin waƙar, da ƙarfi, kuna buga yatsa a tebur.

Dalili kuwa, bokonmu ba ya nuna dogon wasali. A takarda "ga" da "na" na ɗangon da ke ƙasa tsawonsu ɗaya, amma a baki sun bambanta.

Gwada wannan ɗango na bakin teku:

A bakin ruwa na ga jirgin Masar

A-ba-kin / ru-wa-na / ga-jir-gin / Ma-sar. Gaɓa mai sauƙi ɗaya, masu nauyi biyu, sai a sake. Wannan jerin gaɓa uku shi ne ƙafar da ake kira Fa'ulun, ta karin Mutaƙarab, ƙafar ƙarshe ce kawai aka gutsure. Gaɓar da ke da dogon wasali, kamar "na" a nan, ko wadda ta ƙare da baƙi, kamar "kin", mai nauyi ce kullum.

Babban amsa-amo kuma, wato sautin da baitocin waƙa suke ƙarewa da shi, duba gaɓar ƙarshe ta kowane baiti. Baiti uku sun isa ka gane shi.

Amma fa dabarar nan ta gano kari ba kullum take ci a waƙar baka ba, domin makaɗi yana jan wasali yadda kiɗa ya so. Waƙar Turanci ma kada ka gwada, nata awon daban ne.