Yadda Za Ka Sa Wa Tsohuwar Kwamfuta Sabon Katin Hoto

Fara zare wayar wuta, sannan ka buɗe murfin gefe. Ƙurar hunturun Kaduna takan cika cikinta, ka kaɗe da busasshen buroshi.

Sai ka duba doguwar kafar da ke jikin madabod, wato babban faifan da sauran kayan kwamfutar ke haɗe da shi. In PCIe ce, ka ci sa'a. In AGP ce, irin ta kafin 2004, sabon kati ba zai shiga ba, don Allah kada ka matsa masa.

Ni dai katin GT 1030 na kamfanin Nvidia na fi so, wat 30 kawai yake ja, ba ya neman ƙarin waya. Danna shi a hankali har ka ji ƙas, ɗaure noti, mayar da wayar allo jikinsa. Kunna, ka sauke direbansa, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, daga shafin Nvidia.