Ga masu shirin zuwa Badagry daga Jos

'Yan uwa, in za ku Badagry, ku kwana a garin, kada ku ce za ku je ku dawo Legas rana ɗaya, cunkoson hanyar zai cinye muku yini. Ku riƙe katin shaida a aljihu, don garin na kusa da Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, shingayen jami'ai da yawa.

Da sassafe ku hau kwalekwale zuwa Gberefu, inda aka riƙa lodin bayi a jirgin ruwa. Don Allah kada kowa ya hau ba rigar kariya, musamman yara. Daga nan tafiyar ƙasa ce cikin yashi zuwa bakin teku, zafin kuwa mai gumi ne, ba irin na Jos ba, sai da ruwan sha da hula. Tsohon benen 1845 da ke cikin garin Badagry, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ku bar shi sai kun dawo.