Abin da hatimin notari yake shaida da abin da ba ya shaida: kurakuran da aka fi yi

Notari shi ne wanda doka ta ba ikon shaida sa hannu da rantsuwa a kan takardu. Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar hatimin notari a matsayin tabbacin cewa duk abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Idan ka kai masa takardar rantsuwa, iyakar abin da yake shaida shi ne: wane ya zo gabana ranar kaza, na duba katinsa, ya rantse, ya sa hannu ina kallo. In ƙarya ka shara a ciki, tana nan a wuyanka, har ma ta ƙara nauyi, domin rantsuwa a kan ƙarya laifi ne a doka. Saboda haka wanda aka nuna wa takarda da jan hatimi kada ya saki jiki. Ya bi diddigin maganar a inda ta fito, ko makaranta ce, ko kotu, ko ofishin rajistar filaye.

Daga nan sai zaton cewa notari ɗaya ne a ko'ina, kuma nan ne aka fi yin asara. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta, irin su Nijar da Sanagal, notari jami'i ne da hukuma ta naɗa. Shi yake rubuta yarjejeniyar da kansa, ya ajiye asalinta, kuma takardarsa tana da ƙarfin da za a iya tilasta biyan bashi da ita ba tare da an sake shari'a daga tushe ba. Tsarin nan ya samo asali ne daga wata dokar Faransa ta 1803. A Najeriya kuwa lauya ne wanda Alƙalin Alƙalan ƙasa ya naɗa, sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli. A yawancin jihohin Amurka ba ya ma buƙatar zama lauya, kuma in ba lauyan ba ne, ba shi da hurumin ba ka shawarar shari'a. Baƙi da yawa sun biya kuɗin aikin lauya ga wanda iyakarsa shaida sa hannu. Kafin ka biya ko sisi, tambayi inda za ka kai takardar: wane irin tabbaci suke karɓa?

Akwai kuma masu sa hannu tun daga gida, su aiko yaro da takardar a ambulan a buga hatimi. Notarin kirki zai mayar da ita. Wanda ya karɓa kuwa ba taimakonka ya yi ba, don ranar da aka yi musu a kotu, tambaya ɗaya ga notarin za ta rushe takardar: kana wurin lokacin da ya sa hannu? Ka bar gurbin sa hannu a buɗe, ka je da kanka, da fasfo ko katin shaida wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Sunan da ke kan katin ya dace da na takardar harafi da harafi; Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a dawo maka da ita. Kada kuma ka yarda a buga hatimi alhali akwai layin da ba a cike ba, musamman a takardar wakilci, inda kalma ɗaya da aka cusa daga baya za ta iya ba wani ikon sayar da gidanka.

Mai son a tabbatar da kwafi ya riƙo asalin takardar. Ba a shaida hoton hoto.

Takardar da za ta tsallaka iyaka kuma, hatimin notari matakin farko ne kawai. Yarjejeniyar birnin Hague ta 1961 ta sauƙaƙa wa ƙasashen da suka shiga, fiye da 120 a yanzu: hukuma ɗaya ce za ta liƙa shaidar da ake kira apostil, shi ke nan. Idan ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba ta ciki, sai ka bi doguwar hanya, daga notari zuwa ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da takardar za ta je. In ana buƙatar fassara, ka tambayi ofishin jakadancin tun farko wane mai fassara suka amince da shi, kuma a wane mataki za a yi ta.