Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Motar Sulke ta Rolls-Royce ta 1914

Duk wanda ya taɓa fere kara ko ya lanƙwasa langa-langa ya yi mota yana yaro, rabin aikin nan yana hannunsa. Abin da ya ƙaru kawai shi ne awo: a nan ba a yanka komai da kintace, sai abin da rula ta ce.

Motar da za mu kwaikwaya ta Ingila ce. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sashen jiragen sama na rundunar sojan ruwan Birtaniya ya ɗauki shasin motar alfarma ta Rolls-Royce Silver Ghost, mai inji silinda 6, aka lulluɓe shi da farantan ƙarfe, aka ɗora masa hasumiya mai juyawa da bindigar Vickers a ciki. Na farko sun fito a Disamban shekarar. Yaƙin ramuka na Faransa bai bar musu hanya ba, sai a hamada suka yi suna. A Maris 1916 Duke na Westminster ya ja ayarinsu cikin hamadar Libiya har Bir Hakeim, ya kuɓutar da fursunoni sama da 90 daga hannun mayaƙan Sanusiyya. Mutanen Agadas sun san sunan ƙungiyar nan, don da goyon bayanta Kawsan, jagoran Abzinawa, ya yi wa garin ƙawanya a ƙarshen wannan shekarar.

Na fi son ta ga mai fara koyo saboda jikinta kusan duk shimfiɗaɗɗun faranti ne, babu lanƙwasa mai wahala. Wahalar tana ƙasa, wajen tayoyi, kuma can za mu daɗe.

Zaɓi motarka, ka fitar da awo

Iri biyu aka fi gani a hotuna. Ta 1914 tayoyinta masu wayoyi ne kamar na keke. Ta 1920, irin wadda ke gidan adana tankokin yaƙi na Bovington, tayoyinta rufaffun faifai ne. Kada ka gauraya su. Nemi zanen ta 1914 a intanet wanda ya nuna gefe da gaba da sama, da hotuna na ainihi ko da uku.

Kamfanonin Roden da Meng suna sayar da ita a kwali, a ma'aunin 1:35, sai dai ka manna. Mu da hannu za mu yi, a ma'aunin 1:20, wato kowane awo na motar ka raba shi gida 20. Tsawonta kusan mita 5 ne, ya zama santimita 25. Faɗi bai cika mita 2 ba, ka ɗauki santimita 9.5. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3.64, ya koma santimita 18.2. Taya kuwa kusan santimita 90, taka za ta zama 4.5. Kai zanen wurin mai hoton takarda ya ƙara girmansa har tsakanin tayoyin ya kai 18.2 daidai. Daga nan duk abin da kake so sai ka ɗora rula a kan takardar.

Kayan aiki: kwali mai tauri irin na bayan littafin rajista, bututun ruwa na roba mai faɗin milimita 32, zoben roba irin na sil daga wajen masu kayan gyaran inji, zaren kamun kifi siriri, tsinken askirim, gwangwanin lemo, gam ɗin kafinta fari, sufagulu, sabuwar reza, samfefa, da rular ƙarfe. Ta roba reza tana cinye mata baki.

Fara da tayoyi

Mutane suna barin su sai ƙarshe, lokacin da haƙuri ya riga ya ƙare, shi ya sa za ka ga jiki mai kyau zaune a kan murfin kwalba. Taya takwas kake buƙata: biyu a gaba, huɗu a baya domin bibbiyu aka jera su saboda nauyin sulke, sai sifiya biyu.

Yanko zobe takwas daga bututun, kowane faɗin milimita 6, ka goge bakunansu da samfefa. Zagayen bututun santimita 10 ne, don haka ka yanki siririyar takarda mai wannan tsawo, ka yi alama duk bayan milimita 5, ka naɗa ta a kan zoben. Alama 20 ke nan. Gasa allura a wutar kyandir ka huda ramuka 20 kusa da baki ɗaya. Sannan ka gusa takardar rabin taki, ka huda wasu 20 kusa da ɗaya bakin. Tsakanin layukan biyu ka ɗan kwarzane kwari da samfefa, wurin da robar za ta kwanta.

Yanzu mazauni. Zana da'ira mai faɗin zoben a kan guntun katako, ka kafa siririyar ƙusa a tsakiya cif, wasu uku kuma a kewaye su riƙe zoben kada ya motsa. Zura guntun bututun biro mai tsawon milimita 8 a ƙusar tsakiya. Shi ne cibiyar tayar. Sa zare ta rami ɗaya na layin ƙasa, ya gogi gefen cibiyar, ya fita ta ramin da ke fuskantarsa. Zare ɗaya ya ba ka waya biyu ke nan. Ja shi ya miƙe, ka ɗiga sufagulu a ramukan biyu. Na gaba ya bi ta ɗaya gefen cibiyar, haka za ka riƙa sauyawa har layin ya cika. Layin sama kuma zarensa ya bi ta saman cibiyar. Da ka gama, ɗigo ɗaya a inda zaren suka taru ya ɗaure su, ka aske ragowar da reza, ka sa robar. Zoben roba mai ramin milimita 32 da kaurin 6 shi ya fi dacewa. Tafi da guntun bututun kasuwa ka gwada a gaban mai shago.

Kada ka ja zaren da ƙarfin tsiya. Tayata ta farko haka na yi mata, ina ciro ta daga mazauni cibiyar ta karkace gefe guda, tana juyawa tana rawa kamar ta tsohon amalanke. Sai da na warware ta gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne ka ɗaura zare ɗaya, sannan wanda ya gitta shi, domin jan ya daidaita. Tayoyin baya na ciki ba a ganinsu sosai, layi ɗaya ya ishe su. Ni a rana ba na wuce biyu.

Shasi

Tsinken askirim bibbiyu a manne su ba ka dogayen sanduna biyu, ka haɗa su da gajeru huɗu kamar tsani. Yi wannan a kan gilashi ko tayil, ka danne da littafi mai nauyi ya kwana. Shasin da ya murɗe ba ya gyaruwa, kullum taya ɗaya za ta tsaya a iska. Sifirin kuwa, yanka siraran gwangwani guda biyar, kowane ya fi na ƙasansa tsawo, ka jera ka ɗan lanƙwasa. Wayar tayar keke ta isa sandar da tayoyi za su hau. Kafin gam ya kama, ajiye motar a kan gilashin ka leƙa ta ƙasa: duk tayoyin su taɓa.

Sulke

Kwafi kowane faranti daga zanen zuwa takarda tukuna, ka haɗa da salatif ka ga ko ya zauna, sannan ka yanka kwali. Jikin kashi uku ne: dogon bonet, ɗakin direba da mai bindiga, da buɗaɗɗen dandamalin katako a baya mai akwatuna a gefe. Inda faranti biyu za su haɗu, fere bakunansu a karkace don kada kaurin kwalin ya bayyana, ka manna ƙananan kusurwoyi ta ciki su tallafe. A gaba akwai ƙofofi biyu da ke kare lagireto. Bar su a ɗan buɗe, ka sa guntun ragar sauro baƙa a bayansu. Sitiyari a dama yake, idan za ka bar tagar direba a ɗage.

Hasumiyar ce ke ba mutane ciwon kai. Zagayayya ce, amma an daddatse kafaɗunta biyu a karkace. Naɗa kwali siriri sau biyu a jikin gwangwani mai faɗin da zanen ya nuna, ka rufe sama, ka bari ya bushe sarai. Sai ka zana layin datsar a dama da hagu, ka yanke, ka ɗora shimfiɗaɗɗen kwali a kan kowane rami, ka aske abin da ya yi saura. Kada ka nemi lissafa siffar farantin tun farko, ɓata lokaci ne. Bindigar Vickers ruwa ke sanyaya ta, shi ya sa hancinta yake da kauri; guntun bututu mai milimita 5 ko 6 da ɗan tsinke a baki ya wadatar. Kusa ɗaya ta ƙasa za ta bar hasumiyar ta juya.

Ragowar ba su da wuya: madigadi daga gwangwani, matakin gefe da dandamalin baya daga tsinken askirim, fitilu daga manyan duwatsun ado da aka raba biyu. Sifiya ta jingina a gefen mota.

Kawunan ƙusoshin sulke su ne ke sa kwali ya zama ƙarfe a ido. Ja layi da fensir milimita 2 daga bakin kowane faranti, ka yi alamu masu tazara ɗaya kana duban hoto. Tsoma tsinken sakace a gam ɗin kafinta, ka ɗiga. Gam ɗin yana shanyewa idan ya bushe, sai ka maimaita a kan na farko. Wanda ya fi 'yan'uwansa girma, ɗauke shi da bakin reza tun yana ɗanye. Ɗigo ɗaya ya isa ya tona asirin layi guda.

Fenti

Kwali maƙiyinsa ruwa. Shafe jikin da gam da aka ɗan tsinka, ya bushe, sannan ka fesa fentin share fage mai ruwan toka daga nisan kamar santimita 30, sama-sama, sau biyu. Cire robobin tayoyi kafin feshi. Idan lokacin hunturu ne, kife kwali a kan motar da zarar ka fesa, in ba haka ba ƙura za ta zauna a fentin ta mayar da shi samfefa.

Tunda ta hamada muke yi, launin rairayi za ka sa, marar ƙyalli. Tsinka fenti ruwan ƙasa mai duhu sosai, ka bi layukan ƙusoshi da bakin ƙofofi da siririn buroshi, ka goge abin da ya malala. Goga bakin fensir a jikin bindiga da gefen matakai, inda takalmi ke cin fenti. Ƙurar kuwa ba sai ka saya ba: tankaɗe busasshiyar ƙasa da tsohon kallabi, ka shafa ta da busasshen buroshi a tayoyi da ƙarƙashin madigadi, ta yi yawa a ƙasa, ta ragu kana hawa. Saman hasumiya kaɗan ya isa. Sannan ka ɗaure katako biyu siraru a ƙarƙashin matakin gefe, irin waɗanda sojojin ke shimfiɗawa idan taya ta nutse a yashi.