Yadda Ake Kafa Zaman Fita Daga Bashi, Irin Wanda Muke Yi a Pantami

Sana'ata sayar da atamfa da mayafai da zannuwan gado a cikin gida, a nan Pantami cikin garin Gombe. Bashi nake ɗauko kaya wajen 'yan kasuwa, bashi kuma nake bai wa mata. Don haka na san faɗuwar gaban da ake ji in lambar mai bin mutum ta fito a waya, na kuma san takaicin aika yaro karɓar kuɗi ya dawo ya ce wai ba ta nan, alhali ya ga takalmanta a ƙofar ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, littafin bashina ya ƙara kauri. Waɗanda ke cikinsa kuwa ba mayaudara ba ne. Malaman makaranta ne, da masu aikin asibiti, da matan da mazajensu ke tuƙa Keke Napep. Wannan ne ya sa mu 'yan kaɗan muka soma wani zama duk ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya, kuma ga yadda ake yin sa ga duk mai son kafa irinsa.

Kada ku wuce mutum shida ko bakwai. Da zarar an yi yawa, zama ya koma taron suna, kowa ta kama bakinta. Kada a haɗa wadda ake bi da mai bin ta, kada a haɗa kishiyoyi ko suruka da matar ɗa. Ku nemi mutum biyu da gangan: wadda ta iya lissafi ba ta jin tsoron alƙaluma, da dattijuwa wadda in ta yi sallama a gida ake shimfiɗa mata tabarma. Maganar kuɗi a yi ta baki da baki. WhatsApp na sanar da lokacin zama ne kawai, don abin da aka rubuta a waya ba a san hannun da zai faɗa ba.

Dokarmu ta farko tana ba mutane mamaki: ba a kawo kuɗi wurin zaman, ba zubi, ba rance, har sai an yi watanni ana haɗuwa. Dalili kuwa, da an ce za a riƙa tara wani abu, zaman ya zama adashi, kuma duk wadda bashi ya shaƙe wa wuya ɗaukar farko take so. In ta ɗauka ta toshe wani rami, zubi ya gagare ta, sai kunya ta hana ta dawowa, a yi asarar kuɗin a yi asarar mutum. Abin da zaman yake bayarwa shi ne lissafi, da rakiya, da sa ido.

Lissafin ake fara yi. Kowa ta sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta ba kowane bashi shafinsa: wa yake bi, nawa aka karɓa, nawa aka biya, yaushe aka yi alkawari, kuma yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Sai dai mu mun ɗauka rubutu rashin yarda ne.

Wata malamar firamare da ta shigo cikinmu ta ce abin da ake bin ta "kamar dubu ɗari ne da ɗan wani abu." Aka ba ta biro. Mai shagon unguwa 38,000. Adashin makaranta da ta riga ta ɗauka 60,000. Mai kayan ɗaki, ragowar na auren 'yarta, 70,000. Mai itace da mai niƙa da mai awara, a haɗe, 20,000. Ta ajiye biron ta ce shi ke nan. Sai a zama na uku ta buɗe waya ta nuna mana manhajojin bashi guda biyu, 55,000. Jimla 243,000. Ta yi kuka, amma ta ce ranar ce ta fara yin barci sosai, don da abin ba shi da iyaka a ranta, yanzu kuwa ga shi a takarda. Ku sa rai da haka daga kowa. Bashin da ya fi ba mutum kunya shi ne na ƙarshen fitowa, kuma ba zai fito ba in an tarbi na farko da salati da tafa hannu da "ke kuwa me ya kai ki?" Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To a wurin zaman a nuna hakan a aikace, wadda ta kira taron ita za ta fara buɗe nata littafin.

In lissafi ya fito, sai a duba abin da ke shigowa a wata, a cire abinci da haya da magani da kuɗin makarantar yara. Ragowar shi ne na biya, ko da dubu goma ne. Wadda ta biya bashi da kuɗin cefane, jibi za ta koma shago ta ci wani.

Wa za a fara biya? Wasu na cewa a fara da mafi ƙanƙanta don mutum ya samu ƙwarin gwiwa. Ni a ganina a fara da wanda yake haihuwa, wato mai kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Daga shi sai na masu ƙaramin jari. Dubu uku a wajen mai awara jarinta ne gaba ɗaya, in kin riƙe kin rufe mata sana'a, amma mai kayan ɗaki da ke da shago a Babbar Kasuwa zai iya jiran wata shida in an je masa da mutunci. Mutane kan yi akasin haka, su biya babba don suna jin tsoronsa, su bar ƙarama don ba ta da bakin magana.

Bashin manhaja yana buƙatar a tsaya a kansa. In an ba ki 20,000 aka ce ki mayar da 26,000 bayan sati biyu, kashi 30 cikin ɗari ke nan a rabin wata, ban da tarar da ake ɗorawa kullum in kin makara. Makaminsu tozarci ne: su kwashi lambobin da ke wayarki, su aika wa surukarki da shugaban makarantarku saƙo cewa ke ɓarauniya ce. Maganin wannan shi ne ki riga su. Ki faɗa wa na kusa da ke da bakinki, kafin saƙon ya iso. Ki ɗauki hoton duk wata barazana ki adana. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista, kuma tana karɓar ƙorafi a kansu. Kamfanin Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke waya, ko da yake masu zagayewa ba su ƙare ba. Amma kada wata ta ce miki goge manhaja ko canza layi ya kashe magana. Bashin yana rataye da lambar BVN ɗinki, ana iya kai sunanki wa kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, gobe ki nemi lamuni na gaske a hana ki. In kuwa na banki ne, tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunki na wani bankin in kin sa hannu a kan hakan lokacin karɓa. Abu ɗaya da muka haramta wa kanmu ƙwarai shi ne cin bashin wata manhaja don biyan wata. Duk wadda hannunta ya kai kan wayar da dare, ta kira ɗaya daga cikinmu tukun, ko ƙarfe nawa ne.

Rakiya kuwa ita ce ƙashin bayan abin. Ina faɗa muku a matsayina na mai bin mutane: ba rashin biya ne ya fi ciwo ba, shirun ne. Ka kira a ƙi ɗauka, a hango ka a canza hanya. Wadda ake bi kuma ba mugunta ke sa ta ɓuya ba, ba ta da abin faɗa ne. Shi ya sa ba ma barin kowa ta je ita kaɗai.

A aika tun da wuri a nemi lokaci, kada a faɗo wa ɗan kasuwa yana tsakiyar ciniki. A tafi mutum biyu, mai bashin da dattijuwar nan. A riƙe wani abu a hannu, ko dubu biyar ne, don hannu wofi ba ya ɗaukar magana. Bayan gaisuwa dattijuwar ce za ta buɗe baki, misali: "Alhaji, 'yarka ce muka rako. Ta san da haƙƙinka a kanta, dubu saba'in ne, ga shi a rubuce. Ba gudu ta yi ba, nauyi ne ya yi mata yawa. Ga wannan a fara ragewa, sauran kuma muna roƙon ka ɗaga mata ƙafa, duk ƙarshen wata in albashi ya shigo za ta kawo dubu takwas, ni ce shaida." Sai a yi shiru a bar shi ya fitar da abin da ke ransa. Zai yi faɗa, yana da gaskiya, kada a katse shi, kada a kawo uzurin da ba a tambaya ba. In ya huce, mafi yawa sukan yarda, wasu har su yi rangwame ba a roƙa ba. In an ga fuska ana iya roƙon, ba abin kunya ba ne. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji Ka'abu ɗan Malik yana bin wani sahabi bashi a masallaci, ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya.

Kada a yi alkawarin abin da ba za a iya ba. In za ki iya dubu goma, ki ce takwas. Saɓa alkawarin da aka yi gaban shaida ya fi bashin farko muni, don kin zubar da mutuncin wadda ta raka ki. A rubuta yarjejeniyar a littafi, kowa ya sa hannu, duk biya kuma a rubuta kwanan wata ko a ajiye shaidar tura kuɗi. Dattijuwar shaida ce kawai, ba mai tsayawa ba. A faɗi wannan a fili tun a wurin, kada gobe a zo ƙofar gidanta.

Akwai mai cewa zai kira 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana a kama wani a madadin wani. Bashi maganar kotu ce, sai fa in da damfara a ciki. Ku san wannan don kada a firgita ku, amma ba abin da za a je ana yi wa mai haƙƙi gadara da shi ba ne. In abu ya ƙi daidaituwa, mai unguwa ko limami sun fi kusa.

'Yan uwanmu na ƙauye nasu bashin daban ne, ba-da-kaka: a karɓi kuɗi ko taki da damina, a biya da buhunan masara ko wake in an girbe, sau da yawa a farashin da bai kai na kasuwa ba. In gona ba ta yi kyau ba, a raka manomi wajen mai kuɗin tun amfani yana tsaye, kada a jira ranar da ya turo mota.

Sai ramin da kuɗin ke zurarewa. A wurin mata, kowa ta sani, biki ne: anko, gudunmawa, kayan ɗaki na kece raini. Ni da nake sayar da atamfa ina faɗin wannan ne a kan cinikina. Mace ita kaɗai ba ta iya cewa ba za ta yi anko ba, amma tana iya cewa "ƙungiyarmu ta sa mana doka sai bayan Sallah," kuma a ƙyale ta. Ku ara wa juna wannan bakin. Maganar sanar da maigida kuwa ba ma tilasta wa kowa, amma muna ba da shawarar ya ji daga bakinta kafin ya ji a majalisa. In tana tsoron abin da zai biyo baya, a samu babba a danginta ya zauna a wurin.

Bayan an yi watanni an san juna, ana iya buɗe ɗan asusu, kamar naira ɗari biyar a mako, ba ruwa ba riba, na rashin lafiya kaɗai, don ciwon dare ɗaya shi ke mayar da mutum gidan jiya. Kuɗin a biya shi kai tsaye a kemis ko asibiti. Haka in lokacin fitar da zakka ya zo: waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Wadda ake bi ba za ta iya zuwa ta roƙa ba, amma dattijuwar za ta iya zuwa wajen mai hali da littafi a hannu, ba tare da an yi ta yamaɗiɗi da suna ba.

Ku lura da wadda ta daina cin abinci, ta daina barci, ko ta fara cewa gara ta mutu ta huta. Wannan ya wuce lissafi. Kada a bar ta ita kaɗai, a sanar da na kusa da ita, a raka ta ta ga likita, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari.

Wata rana za ku ga wata ta daina zuwa. Kusan kullum dalilin ɗaya ne, ta sake cin wani bashin ko ta saɓa alkawarin wata, tana jin nauyin haɗa ido da ku. Kada a yi ta kiran waya, ba za ta ɗauka ba, kun zama masu bin ta ku ma. Mutum ɗaya ta je gidan da yamma kamar mai wucewa, a gaisa, a tambayi yara, kada a ta da maganar kuɗi. In za ta fito ta ce mata Asabar muna gidan wance, ki zo da littafinki ko ba ki rubuta komai ba. In ta zo, a buɗe sabon shafi a rubuta sabon bashin, a sake raba abin da ya rage a wata, sannan a sa ranar da za a koma wajen wanda aka saɓa wa.